Sola za ta iya ɗaukar firiza har safe ko yaudara ce?

Maman Hanifa, Rijiyar Zaki:
Slm 'yan uwa, dan Allah masu sola a gida ku ban shawara. Ina sayar da zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, to tun da aka cire tallafin mai a 2023 jen ɗina ya zame min kishiya, duk ɗan abin da na samu a gidan mai yake ƙarewa ga ƙara ga hayaƙi. Wuta kuma sai ta ga dama, biyun dare a kawo kafin asuba an ɗauke. Wani ya ce min fanel biyu da batir ɗaya sun isa su riƙe firiza da fanka uku da TV har gari ya waye. Gaskiya ne? Adashi zan ɗauka ƙarshen wata, bana so in zuba shi a rijiya.

Abba mai wayarin, Kurna:
Wslm Hajiya. Wanda ya gaya miki haka ko dai bai san aikin ba ko kuma kuɗinki yake hange. Bari mu yi lissafi. Batir tubula, wato dogon nan mai ruwa a ciki, mai bolt 12 am 200 abin da yake ɗauka wat 2400 ne na awa ɗaya, kuma ba a shanye shi duka, rabi ake sha in ana so ya yi ƙarko, kin ga saura 1200. Fankar sili ɗaya tana jan wajen wat 70, uku 210 kenan, in suka kwana suna juyawa awa 8 sun ci 1680. Fankokin kaɗai sun fi ƙarfinsa, ba a ma zo kan firiza ba, ita kuma lokacin da za ta tashi tana fizgar wuta ninkin abin da take sha, ƙaramar inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta NEPA, sai dai ki ji tana kuka ta mutu.
Mu a Kano rana ba matsalarmu ba ce Alhamdulillah, batir ne yake cin kuɗin. Ni shawarata ki ƙara fanel, firiza ta sha rana tun hantsi har la'asar, da daddare ki kashe ta kar a dinga buɗewa, ƙanƙarar za ta kai safe. Fanka kuma ki koma ta DC, wato mai aiki da irin wutar batir kai tsaye. Dutsen guga dai ki manta da shi.

Ummu Sadiq, Hotoro:
Wlh Maman Hanifa ki ji maganar Abba. Ni arha ce ta cuce ni, wani ya kawo min batir biyu wai sababbi ashe tsofaffi ne aka wanke aka manna takarda, ko shekara ba su rufa ba suka fara mutuwa tun sha ɗayan dare, na kira shi har na gaji. Tubula kuma sai kina duba ruwansa, kuma ruwan batir ake zubawa ba na famfo ba. Yanzu batirin lityum na sa, eh da tsada sosai sai da na sayar da 'yan kunnena, amma lokacin da Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024 a gidana rabin layinmu suke cajin waya.

Baban Khalifa, Sheka:
Ba wanda ya yi maganar ƙura. Da hunturu fanel yana yin futu-futu caji ya ragu, sai ka zaci wani abu ne ya lalace. A wanke da sassafe kafin ya ɗau zafi, kuma a sa shi ya kalli kudu ya ɗan karkata, inda inuwar tankin ruwa ba ta kaiwa. Hajiya ki je Sabon Gari da wanda ya sani, ki tambayi shago uku ko huɗu don farashin dala yake bi, ki karɓi rasit da garanti a rubuce.

Maman Hanifa, Rijiyar Zaki:
Na gode Allah ya bar zumunci. Abba to in rana kawai firizar za ta yi aiki, fanel nawa kake gani? 'Yar madaidaiciya ce mai murfi ɗaya.

Abba mai wayarin, Kurna:
Hajiya duba bayanta akwai 'yar takarda da aka rubuta wat ɗinta, ɗauko hoto ki turo mu gani tukuna.