Neman shawara: za a haɗa ni muhawarar jiragen yaƙi da baffan yarinyar da nake nema

Ɗan Tudu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Ina da shafi a Facebook da nake bayanin makamai da Hausa. Asalin sana'ata gyaran waya ne, shagon na yayana ne, ya koma harkar sola ya bar min, har yanzu ma ba mu gama lissafin kayan da ya bari ba, shi ya sa rabin kuɗin data daga aljihuna yake fita. Bayan rikicin Indiya da Pakistan na watan Mayun 2025 mabiya suka ƙaru, sai na yi bidiyo na jera jirage biyar mafiya ƙarfi: Su-57 na Rasha na ɗaya, J-20 na China na biyu, F-22 na Amurka na uku, Rafale na Faransa na huɗu, F-35 na Amurka na biyar. Hujjata, F-35 injinsa ɗaya ne, gudunsa bai wuce ninki 1.6 na gudun sauti ba, sauran kuwa injin bibbiyu gare su kuma duk sun fi shi gudu. Yanzu wani gidan rediyo ya gayyace ni ranar Asabar. Wanda za a haɗa mu tsohon soja ne da ya yi aikin gyaran jirage, ashe baffan yarinyar da nake nema ne, shi ne ma waliyyinta. An ce ya ga bidiyon ya yi dariya. In tsaya kan jerina ko in canza?

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Magabatanka sun je an tsayar da magana, ko har yanzu zance kawai kake zuwa? Ba ka faɗa ba, kuma shi ne abin dubawa. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya ka da surukinsa a bainar jama'a ya ci riba ba.

Injiniya: Ƙanena, dole ya yi dariya. In gudu ne ma'auni, to MiG-25 na Tarayyar Sobiyet da aka ƙera tun shekarun 1960 ya fi duk biyar ɗin nan naka, don yana kaiwa ninki 2.8. Me ya sa ba ka sa shi na ɗaya ba? Yaƙin sama na yanzu, matuƙan ba sa ma ganin juna da ido. Wanda ya riga ganin wani a rada, wato na'urar hango jirage daga nesa, ya riga sakin makami mai linzami daga nisan sama da kilomita 100, shi ke komawa gida. F-35 ɗin da ka jefa ƙarshe, an yi masa siffa da fenti na musamman don ya yi wa rada layar zana, makamansa a cikin cikinsa suke don kada su tona shi, sannan kwamfuta tana tattara abin da rada da kyamarori suka gani ta nuna wa matuƙi a gilashin hularsa. An ƙera sama da 1,000, Ingila da Italiya da Japan da Isra'ila duk suna amfani da shi. Su-57 guda nawa Rasha take da su? Tun 2022 take yaƙi a Yukiren, har yau ba ta mallaki sararin samaniyar ƙasar ba, daga nesa take jefo bamabamai.

Ɗan Tudu: Yallabai, na gode, amma ai Rasha ɓoye kayanta take yi. Kuma tunda ka kawo zancen rada, J-10C na China da Pakistan ta yi amfani da shi bai kai Rafale tsada ba, amma ya kakkaɓo shi. Kenan kayan Turawan Yamma talla ce ta yi musu yawa.

Injiniya: Kai da kanka ka rusa jerinka, don J-10C ma injinsa ɗaya ne. Sannan ka yi hattara da yadda za ka faɗe shi a rediyo. Pakistan ce ta ce ta harbo jiragen Indiya har da Rafale. Babban hafsan tsaron Indiya na lokacin, Anil Chauhan, ya amsa cewa sun yi asarar jirage amma ya musanta adadin da Pakistan ta bayar. Abin da masana suka fi tattaunawa ma makamin PL-15 ne mai cin dogon zango, da jiragen leƙen asiri masu ɗauke da babbar rada ƙirar Suwidin da Pakistan ke da su. Jirgi ɗaya ba ya yaƙi shi kaɗai. Rada ta ƙasa, jirgin ba da mai a sama, horon matuƙi, duk suna cikin lissafi.

Abu Zamfarawa: Ku kuna ta gardamar F kaza da Su kaza. Mu a wajenmu mutane sun bar gonakinsu, 'yan bindiga a kan babura suke zuwa. Wane ne cikin biyar ɗin zai dawo min da shanun babana? Ƙanina har yau ba ya iya barci in ya ji ƙarar babur da dare.

Injiniya: Allah Ya kawo sauƙi. Ai maganarka hujja ce. Nijeriya ta karɓi Super Tucano guda 12 a 2021, mai farfela ne, ko kusa da gudun sauti ba ya yi, amma yana daɗewa a sama kuma kuɗin tashinsa kaɗan ne. A shekarar ne kuma aka kawo JF-17 guda uku daga Pakistan. Kowanne da aikinsa. Ɗan Tudu, mutumin da ya yi rayuwarsa a gyaran jirage, tambayar farko da zai yi maka ita ce: in jirgi ya tashi na awa ɗaya, awa nawa za a yi ana duba shi, kuma daga ina kayan gyara za su zo? Kana da amsa?

Sarkin Yaƙi: Kar ka canza komai, ɗan uwa! Ranar da ka janye mabiyanka sun tafi. Ka tambayi baffan, in kayan Amurka ne mafita, me ya sa majalisarsu ta hana sayar da F-22 ga kowa, har abokansu? Me ya sa aka kori Turkiyya daga shirin F-35 a 2019 don ta sayi makamin kakkaɓo jirage S-400 na Rasha? Jirgin da sai da yardar wani za ka samu ba naka ba ne. 

Injiniya: Wannan zancen siyasar ciniki ne, ba ƙarfin jirgi ba. Hana sayar da F-22 ma ai shaida ce ta darajarsa.

Maman Hanan: Ka kai masa gaisuwa gida kafin Asabar, ka durƙusa ka ce, Baba, na zo ɗaukar karatu. A rediyon kuma ka riƙa tambaya yana amsawa. Shi ke nan.

Ɗan Tudu: Hajiya, in na je gidansa yanzu zai ce tsoro na ji. Kuma jerin nan ba da ka na yi shi ba, na yi bincike sosai. Abin da zan iya shi ne in mayar da F-35 na huɗu, Rafale ya koma na biyar, tunda dai an harbo shi.

Injiniya: Ba ka karanta abin da na rubuta ba kenan.

Sarkin Yaƙi: Ka bar shi a na biyar. Ƙarfe nawa ne shirin, kuma ana ɗaukar kiran waya?

Ɗan Tudu: Bayan la'asar suka ce, ban tambayi zancen kira ba. Wai don Allah akwai wanda ya san irin jirgin da aka fi gyarawa a zamaninsu, Alpha Jet ne ko MiG-21? Ina so in san ta inda zai ɓullo min.