Me za mu kira "mapaton" da Hausa?

Mai buɗe zance, Yamai: Assalamu alaikum. Ana tsara takardar horo da Hausa, an tsaya a kan mapaton: zaman da masu ilimin kwamfuta ke yi kyauta, su zana gidaje da hanyoyi a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, daga hoton tauraron ɗan'adam. An kawo "gasar taswira" da "taron ƴan sa-kai". Wanne ya fi?

Malamin taswira, Tawa: Wa alaikumus salam. Gasa kam a'a. Da ka ce gasa, sabon shiga zai hau sauri, kuma sauri ne ke ɓata aikin. Ƴan sa-kai kuwa, yau mutum ya ji sai ya tuna masu gadin gari da bindiga. Ni "gayyar taswira" na gani. Tasking Manager, shafin rabon aiki na HOT, ƙungiyar masu zana taswira don agaji, yanka yanki yake yi kashi-kashi, kowa ya kama nasa, a kulle masa shi awa 2, ya gama ya saki. Ba lada sai ta Allah, an taru don aikin wani. Ai gayya ke nan.

Mai tantancewa, Yamai: Malam ya yi gaskiya, amma a saka a takardar cewa wannan gayya da mai bin baya. Ba a ɗaukar yanki ya kammalu sai gwani ya duba. Kurakuran da aka fi gani a ƙasarmu: rufin laka launinsa ɗaya da ƙasa, sai a tsallake ɗaki, ko a zagaye katangar gida duka a ce gini ɗaya ne, alhali ɗaki huɗu ne da tsakar gida, ko a haɗa inuwa da gini. A iD, manhajar zane ta shafin OpenStreetMap, bayan an zana a danna Q kusurwa ta miƙe, rumbu da bukka kuma a danna O su zama da'ira. Sannan hoton kansa yakan goce da ƴan mitoci, a daidaita shi da alamar GPS kafin a fara, in ba haka ba unguwa guda za ta zauna a gefen inda take. Kwafa daga Google Maps haramun ne, lasisi bai yarda ba.

Malamin taswira, Tawa: Haka ne Hajiya. Inda intanet ke yankewa kuma JOSM, manhajar zane da ake sakawa a kwamfuta, ya fi, a sauke yanki a yi aiki, sannan a tura.

Mai buɗe zance, Yamai: To wanda ya zauna shi kaɗai a Faransa yana zana unguwar Saga ko Kirkisoye a Yamai saboda ambaliya irin ta 2020 fa?

Mai tantancewa, Yamai: Ɗan gayya ne, ko daga ina. Tun girgizar ƙasar Haiti ta 2010 haka ake yi daga nesa. Sai dai sunan unguwa da rijiya ba ya fitowa a hoto, wannan sai ɗan gari ya bi da waya.

Mai buɗe zance, Yamai: Madalla. An rubuta: gayyar taswira, ɗan gayya, mai tantancewa. Saura "tag", alamar da ke faɗin ko mene ne aka zana, gobe in Allah ya kai mu.