Tsadar kayan gyara na ainihi: mece ce mafita ga mai motar haya da mai jirgin ruwa?

Mai Hiace, Zariya

Assalamu alaikum. Ina da motar haya ƙirar Toyota Hiace da ke jigilar fasinja tsakanin Zariya da Kano, kuma ina da hannun jari a jirgin ruwa mai inji da ƙanena yake tuƙawa a Yawuri. Abin da ya dame mu duka biyu shi ne tsadar kayan gyara na ainihi, wadda ta kai matsayin da balas ɗin da direba yake kawowa a mako ba ya isa a sayi fatar burki da boris da shakazoba a lokaci guda. Idan na je shago, sai a ajiye mini abu iri uku a kan tebur, a ce wannan orijina ne, wannan mai bi masa ne, wannan kuma na gwanjo ne, kuma tazarar kuɗin da ke tsakanin na farko da na biyu takan ninka. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su bayyana mana abin da ya jawo wannan tsada, sannan su faɗa mana waɗanne kaya ne za a iya sayen mai sauƙin kuɗi ba tare da an jefa rayukan fasinjoji cikin haɗari ba.

Ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni mai sayar da kayan gyara ne, kuma ina so ka gane cewa tsadar ba a shagonmu ta samo asali ba. Kusan duk abin da ke cikin motarka daga waje ake shigo da shi, daga Jafan ko Tailan ko Dubai ko Sin, kuma da dala ake biya. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, dala ɗaya a hukumance ba ta wuce Naira 460 da 'yan kai ba, amma zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Kayan da kuɗinsu bai motsa ba ko kaɗan a ƙasar da aka ƙera su sun ninka sau uku a nan saboda wannan dalili kaɗai. Hukumar kwastam kuma da canjin dala na hukuma take lissafa kuɗin fito, don haka duk ranar da Naira ta faɗi, kuɗin fitar da kwantena daga tashar Apapa ko Tin Can yana tashi tare da ita, ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kai, ga kuɗin tirelar da za ta ɗauko kayan daga Legas zuwa Kano da dizal mai tsada.

Akwai wani abu da masu saye ba su cika lura da shi ba. Idan na sayar da kaya yau a kan kuɗin da na sayo su bara, ba zan iya mayar da irinsu a kan kanta ba, kuma a hankali jarin zai narke ina kallo. Wannan ya sa da yawa daga cikinmu muka rage ajiye na ainihi, domin kuɗi mai yawa ne yake kwanciya a kaya ɗaya da zai iya shafe watanni ba a tambaye shi ba, alhali mai araha yana fita kullum.

Da masana'antun da aka kafa a shekarun 1970 sun ɗore, da ba mu kai nan ba. An fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, an kuma kafa kamfanin motoci na Steyr a Bauchi da na manyan motoci na Fiat a nan Kano, kuma manufar ita ce a riƙa ƙera kaso mai tsoka na kayan a cikin gida. Ƙarfen da aka sa ran samu daga kamfanin ƙarafa na Ajakuta bai zo ba har yau. Mutanen Nnewi sun yi ƙoƙari wajen ƙera wasu kayan, amma abin da suke fitarwa bai kai ya wadatar da ƙasar ba.

Bakanike, Kaduna

Alhaji Mai Hiace, bayanin ɗan'uwa na Ƙofar Ruwa gaskiya ne, ni kuma zan amsa rabin tambayarka na biyu. Kamfanin Toyota ba shi yake ƙera kowane ƙarfe da ke cikin motarka ba. Denso yana yi masa fulogi da kayan wuta, Aisin yana yi masa kuloci da famfon ruwa, KYB yana cikin masu yin shakazoba, Koyo da NSK suna yin boris. Idan ka samu kayan waɗannan kamfanoni a cikin kwalinsu na kansu, sau da yawa ingancin ɗaya ne da wanda ke cikin kwalin Toyota, amma kuɗin ya fi sauƙi. Matsalar ita ce su ma ana yin jabunsu, kuma masu jabun sun ƙware har kwalin da tambarin ba sa nuna bambanci ga wanda bai saba ba.

Ga abin da nake dubawa da hannuna. Boris na gaske idan ka juya shi da yatsa yana tafiya sumul ba ƙara, rubutun da ke jikinsa a sassaƙe yake tsaf, kuma yana da nauyi a hannu. Na jabu rubutunsa yakan yi dishi-dishi, kuma za ka ji ɗan kaɗawa idan ka girgiza shi kusa da kunne. Matatar bakin mai ta jabu idan aka yanka ta, takardar da ke ciki siririya ce, ninkinta kaɗan ne, wani lokaci ma gam ɗin ya saki, kuma irin wannan ce take barin datti ya cinye inji a hankali har a kai ga sauke shi a sa sabon ringi da fistan. Fatar burki ta jabu takan yi aiki lafiya a cikin gari, amma idan mota ta cika da fasinja ta ɗauki gudu a kan babban titi, zafi yana sa ta daina kamawa, ko ma ta rabu da ƙarfen da aka manna ta a kai.

Saboda haka ra'ayina shi ne, duk abin da ya shafi burki da sitiyari da taya da boris na ƙafa, kada ka nemi rangwame a kansa ko da za ka ajiye motar kwana biyu ka tara kuɗin. Amma fitila da madubi da ƙofa da bamba da kujeru, na gwanjo da aka ciro daga motocin da aka farfasa a Turai ko Dubai sun wadatar, kuma sau da yawa sun fi sabo mai araha ƙarko, tunda su ma na ainihi ne, tsufa kawai suka yi. Abin da ban yarda a saya na gwanjo ba shi ne duk abin da aka yi da roba, kamar bel da tiyo da taya, domin roba tana mutuwa da shekaru ko da ba a yi aiki da ita ba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, kuma ya kamata kowane direba ya iya karanta su.

Matuƙin jirgi, Yawuri

Ina gaishe ku duka. Malam bakanike ya yi bayani mai amfani a kan mota, amma a harkar ruwa rabe-raben da ya yi ba za su yi mana aiki sosai ba, domin a injin jirgi kusan babu abin da za a kira na ado. Mota idan ta mutu a hanya direba yana gangarawa gefe ya jira taimako. Jirgi idan injinsa ya mutu a tsakiyar tafkin Kainji lokacin da iska ta taso, juya gefensa yake yi ga igiyar ruwa, kuma idan yana ɗauke da buhunan hatsi da mutane da babura a ranar kasuwa, ruwa yana fara shiga kafin a yi wani tunani.

Yawancinmu injin Yamaha Enduro muke amfani da shi, mai ƙarfin doki 15 ko 40 ko 75, kuma abin da ya fi lalacewa shi ne 'yar robar famfon ruwa da kanikawa ke kira imfela, wadda take zuƙo ruwan kogi ta sanyaya injin. Yashi yana cin ta, musamman da rani idan ruwa ya ja baya muna bi ta wurare marasa zurfi. Ta jabu takan yi tauri ta karye, kuma alamar farko ita ce siririn ruwan da ke fitowa ta bayan injin ya ragu ko ya tsaya. Matuƙin da bai waiwaya ya lura ba, cikin 'yan mintuna injin zai yi zafi ya kama, kuma gyaran da zai biyo baya ya ninka kuɗin robar sau da yawa. Haka farfela take. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe itatuwa masu yawa, kuma kututturansu suna nan a ƙarƙashi suna karya mana farfela, wadda muke kai wa masu walda su liƙa saboda sabuwa ta fi ƙarfinmu, alhali liƙaƙƙiya tana sa injin rawa har ya ci boris na ƙafar injin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne man da ake haɗawa da fetur. Waɗannan injuna suna bukatar mai na musamman da aka yi domin injin ruwa, kusan lita 1 a cikin lita 50 na fetur, amma tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin aiki ya hau, wasu sun koma zuba bakin man mota ko su rage ma'aunin. Ban zargi kowa da mugunta ba, domin fasinjojinmu manoma ne da masunta da ba za su iya biyan ƙarin kuɗin jirgi ba, amma injin ne yake biyan bashin daga baya. Ga kuma nisa: idan ana neman na ainihi sai an aika Legas ko Onica, a jira kwanaki jirgi yana ɗaure a bakin ruwa. Ina ganin ya kamata ƙungiyoyinmu na masu jirage su haɗa kuɗi su riƙa sayo imfela da fulogi da mai a dunƙule daga dillalan da kamfani ya amince da su, a ajiye a hannun shugabannin tasha. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, da ke Lakwaja, wadda take matsa mana a kan rigar ruwa da hana tafiyar dare, ya dace ta dubi lafiyar injuna ma.

Mai Hiace, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan bi shawarar malam bakanike a kan burki da boris, kuma zan yi wa ƙanena maganar sayen kaya a dunƙule ya kai ta gaban ƙungiyarsu. Tambaya ɗaya ta rage ga ɗan'uwa na Ƙofar Ruwa: idan na biya kuɗin orijina, bakanike ya buɗe kwali ya tabbatar jabu ne, shin ƙungiyar kasuwa tana tilasta wa mai shago ya mayar da kuɗi, ko sai na kai ƙara hukumar kula da ingancin kaya, wato SON? Kuma me ya kamata a rubuta a jikin rasit tun farko domin ya zama hujja?