Daga Tudun Wada zuwa Riruwai a kan keke: abin da waɗanda suka bi hanyar suka gani

Malamin makaranta, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ni da abokan aikina uku mun yi niyyar cewa idan aka ba da hutun Disamba za mu tashi daga Tudun Wada a kan kekuna, mu ratsa Dajin Falgore ta titin da ya nufi Saminaka da Jos, mu kwana a ƙasar Doguwa, washegari kuma mu hau Riruwai mu ga duwatsun da muke koya wa yara labarinsu a aji alhali ba mu taɓa taka su ba. Dukkanmu mun iya keke tun muna yara, sai dai iyawar tamu ta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Biyu daga cikinmu suna da keke mai giya, ni da ɗayan kuwa tsofaffin kekuna ne da mu masu birkin ƙarfe. Ina roƙon duk wanda ya taɓa bin hanyar da ƙafarsa a kan feda ya gaya mana abin da ya gani, musamman game da hawan, domin shi ne ya fi tsaya mana a rai.

Mai gyaran keke, ƙasar Doguwa

Wa alaikumus salam, Malam. Da na karanta cewa hawan ne ya tsaya muku a rai sai na yi murmushi, saboda a duk shekarun da na yi ina wannan sana'a ba a taɓa kawo mini keken da hawa ya lalata ba. Idan tudu ya fi ƙarfin mutum, sauka zai yi ya tura, kuma babu abin da zai rasa sai gumi. Kekunan da ake kawo mini a bayan mota da lanƙwasasshen wili, gangara ce take kawo su.

Dalilin kuwa a bayyane yake. Robar birki tana kama wili ne ta tsayar da shi, kuma wannan gogayyar zafi take haifarwa. A fili mutum yana matsa birki na ɗan lokaci ya saki, ƙarfen ya huce. A doguwar gangara kuwa, wanda tsoro ya kama shi yakan damƙe birkin tun daga sama ya ƙi saki, wilin ya ɗauki zafin da hannu ba ya iya taɓawa, robar ta yi sulɓi ta daina kamawa, idan kuma akwai tsohon faci a ciki sholishon ya yi laushi ya buɗe. Abin da nake koya wa yaran nan shi ne su matsa da ƙarfi su rage gudu sosai kafin kwana, sannan su saki ya huce, su sake matsawa, maimakon su riƙe shi sako-sako har ƙasa. Birkin gaba shi ne yake tsayar da keke da gaske, na baya taimako yake yi, amma wanda zai kama na gaba lallai ne ya ja jikinsa baya a kan sirdi, in ba haka ba ya tsinci kansa a gaban kekensa.

Ku biyu masu birkin ƙarfe, ku sa sabuwar roba kafin ku taso, a ɗaure sandunan birkin yadda ba sai hannu ya kai ƙarshe zai kama ba. Ku zo da famfo da sifana da kayan faci, domin daga kun bar kwalta kun shiga hanyar gona, tsidau yana nan yana jira.

Dattijo, Riruwai (jikansa ne ya rubuta masa)

Yaran nan, Allah Ya yi muku albarka da kuka tuna da garinmu. Mai gyara ya faɗi gaskiya, ni kuwa a jikina na koye ta. Lokacin da ake aikin kuza a nan, garin cike yake da baƙi daga kowace kusurwa, ni kuma sana'ata a lokacin ita ce ɗauko kayan masarufi daga garuruwan bakin titi in kawo wa masu tireda a kan kekena Raleigh. Hawa da kaya kusan rabinsa turawa nake yi, ina tsayawa a inuwa in sha furar da na ƙunso, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba.

Wata rana da damina na ɗauko buhun masara zan kai ƙasa, an yi yayyafi da asuba, titi yana sheƙi. Na kama birki a kwana ta farko na ji kamar ban kama komai ba, domin jiƙaƙƙen wilin ƙarfe sai ya juya sau da yawa kafin robar ta share ruwan ta fara aiki, ga kuma nauyin buhu yana ingiza ni daga baya. Na sa diddigen takalmina a kan tayar gaba, abin da kowa yake yi a wancan zamani, takalmin ya fice, na ƙarasa cikin gonar wani bawan Allah na kwantar masa da kunya biyu ta dawa. Buhun ya fashe, kaji suka yi biki. Tabon yana nan a gwiwata. Tun daga ranar, idan ƙasa tana da laima ko kayan da ke bayan keken suna da nauyi, a ƙafa nake saukowa ina riƙe da keken. Aikin kuzar ma ya tsaya a shekarun 1980, garin ya koma wa noma, amma gangarar tana nan yadda na san ta.

Matashi mai keken tsere, Kano

Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Ni abin da zan ƙara a kan iska ne, domin babu wanda ya faɗa mini kafin in tafi. Na yi wannan tafiya da hunturu, daga birni ta Kwanar Dangora. Zuwa kudu na ji ni kamar wani gwarzo, keke yana tafiya da kansa, har na fara raina masu cewa hanyar tana da wuya. Ashe iskar hunturu ce, wadda take busowa daga arewa maso gabas, take tura ni ta baya. Ranar dawowa ta tare ni a fuska tun daga bakin daji, ta cika mini ido da maƙogwaro da ƙura, tafiyar da na yi tsammanin gangara ce mai sauƙi ta fi zuwan ba ni wahala. Saboda haka, Malam, kada ku ƙarar da ƙarfinku da ruwanku a zuwa, kuma ranar dawowa ku yi sammako kafin iskar ta kankama.

Game da giya kuma, a sauya zuwa mai sauƙi tun kafin tudun ya fara cizo. Wanda ya bari sai ya miƙe tsaye yana danna feda da dukkan nauyinsa sannan ya sauya, shi ne sarƙarsa take zamewa ko ta tsinke.

Direban motar haya, Tudun Wada zuwa Saminaka

Malam, ni ba mahayin keke ba ne yanzu, amma kullum ina wuce su a wannan titi, don haka ku saurare ni a kan dajin. Falgore ba ƙaramin daji ba ne. Tun 1949 aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, kuma kogin da ya ratsa shi shi ne yake zuba a Dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Audu Bako. A mota mutum yana ratsa shi ba tare da ya lura da tsawonsa ba, a keke kuwa zai daɗe bai ga mai shayi ko mai faci ba. Ku shiga da hantsi ku huɗun a tare, ku fita tun rana tana sama, kuma ku tambayi direbobi a tasha yadda hanya ta kwana kafin ku tashi, domin kowa ya san dajin ya sha fama da ɓata-gari a wasu shekaru. Idan kun zo shingen jami'an tsaro ku sauka ku yi sallama ku faɗi inda za ku.

Abu na biyu shi ne manyan motoci. Da kaka titin cike yake da masu ɗaukar masara da rake, kuma tirelar da ta ɗauko gangara da lodi ba ta iya tsayawa saboda keke. Idan kun ji ta a baya, ku sauka gefe gaba ɗaya, ku bi juna a layi ɗaya, kada ku jeru kuna hira.

Ma'aikaciyar lafiya, ƙasar Doguwa

Ni na saba ganin ƙarshen labarin ne, wato waɗanda ake kawo mana. Mafi yawansu yara ne da matasa da suka yi goyo a gangara, kuma raunin da ya fi tayar mana da hankali na kai ne. Na san a ƙauyukanmu wanda ya sa hular kwano a kan keke dariya ake yi masa, amma ku malamai ne, idan yara suka gan ku da ita wataƙila dariyar ta ragu. Ku kuma riƙa shan ruwa ko ba ku ji ƙishirwa ba, saboda sanyin hunturu yana ɓoye ta.

Manomi, Zainabi (kusa da Riruwai)

Ina da ɗan saɓani da masu tsoratarwa. 'Ya'yanmu da waɗannan kekunan suke zuwa makaranta da kasuwa kowace rana, kuma lafiya suke dawowa, domin sun san kowace kwana da kowane rami. Baƙo ne yake faɗuwa, saboda bai san abin da yake bayan kwanar ba. Shawarata ita ce lokacin da kuke hawa a hankali ku riƙa lura da inda yashi ya kwanta a kan titi da inda ruwa ya ci gefen kwalbati, tunda ta nan za ku sauko. Idan kuma magangarar ruwanmu kuke son gani, a Disamba ruwan ya ja baya, ƙarshen damina ne lokacinta. Duk da haka ku zo, ku ajiye kekunan a cikin gari a haɗa ku da yaro ya raka ku a ƙafa.

Malamin makaranta, Tudun Wada

Na gode muku gaba ɗaya, Baba kuma a gaishe shi da kyau, idan mun iso za mu zo mu kwashi gaisuwa. Na karanta wa abokan tafiyar komai a ofishin malamai, kuma mun sauya tsari: za mu ƙara kwana ɗaya a Riruwai domin mu sauko da safe da hutaccen jiki, ba da yamma a gajiye ba. Mai gyara, na duba kekena jiya na ga robar baya ta cinye har ƙarfen ya kusa fitowa, tayar gaba kuma faci uku ne a cikinta. Shin in sake ta gaba ɗaya, ko in mayar da ita baya?

Mai gyaran keke, ƙasar Doguwa

Ka sake ta, Malam. Tayar baya idan ta sace a gangara keke yana rawa ne ya tsaya, ta gaba kuwa kayar da mutum take yi nan take, don haka sabuwa a gaba take zama. Mai faci ukun ka naɗe ta ka sa a jaka saboda tsaro, kuma kada ka cika iska har ta yi tauri kamar dutse, ka bar mata ɗan wurin da za ta numfasa idan wilin ya ɗauki zafi.