Shin sakin kifi bayan an kama shi yana ceton ransa?

Tambaya: 'Yan uwa, masu kamun kifi don nishaɗi sukan mayar da shi teku. Shin yana rayuwa kuwa?

Amsa: Malam, ya danganta da zurfin ruwa. Idan aka jawo kifi da sauri daga ƙasan teku, jakar iskar cikinsa takan kumbura har ya kasa nutsewa, tsuntsaye su cinye shi, sai dai in an mayar da shi ƙasa da wani abu mai nauyi.

Amsa: Ƙugiya mai zagaye ta fi, domin galibi a gefen baki take kamawa.

Amsa: A ganina, hana kamu lokacin da kifaye ke zuba ƙwai ya fi muhimmanci, kuma wajibi ne dokar ta hau kan manyan jiragen kamun kifi ma.