Shawarwarin da aka bai wa masu zuwa ci-rani Legas

A wata hira da aka yi da waɗanda suka daɗe suna zuwa ci-rani Legas, yawancinsu sun ce kada mutum ya baro gida bayan girbi sai ya san wanda zai sauke shi, ko a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, domin kuɗin haya kaɗai yana iya cinye ribar wata uku. Sun fi ƙarfafa aikin dako a kasuwar Mile 12, inda ake sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa tun kafin asuba, amma sai wani tsohon hannu ya gabatar da baƙo ga shugabannin 'yan dako. Wasu sun ambaci gadi da aikin gini a Lekki, wanda ke ja baya idan ruwan Yuni ya sauka.

Kan acaɓa aka fi jan kunne, kuma a ganina da gaskiyarsu: a Yunin 2022 aka hana shi a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa, a Satumbar 2022 aka ƙara wasu huɗu, kuma babur ɗin da aka kama ba ya dawowa. An kuma ce a riƙe katin shaidar ɗan ƙasa a cikin leda, saboda danshin bakin teku.