Ya zan yi ma'aikatana su riƙa faɗin kuskurensu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema.

Ina da shagon ɗinki a Kano, da teloli 7 da yara 3 masu koyo. Duk azumi abu ɗaya ne: aiki ya yi mana yawa, a rubuta awo a bayan kwali ya ɓace, a yanka shadda ba daidai ba. A Sallar da ta wuce sai da na biya yadi 10 na wani bawan Allah daga aljihuna, saboda an rage masa tsawon babbar riga.

Shi ne na ware rabin awa duk ranar Alhamis bayan La'asar, mu zauna kowa ya faɗi abin da ya ba shi wahala a makon da abin da ya koya. Sati shida ke nan, ba mai buɗe baki. In na tambaya sai a ce "Lafiya lau, Oga." Yaran ba sa iya magana a gaban babban telanmu, wanda ni kaina ya girme ni, Baba nake ce masa. Shi kuwa yana ganin zaman tonon silili ne. Wani ya raɗa min cewa tsoro suke kada in cire kuɗin ɓarna daga ladansu, kuma gaskiya na taɓa yin haka sau biyu.

Na fara da faɗin nawa kuskuren, suka yi dariya, aka tashi.

Masu shago, in raba zaman manya da na yara ne, ko in riƙa kiran kowa shi kaɗai? Kuma ta yaya zan shawo kan Baba ba tare da ya ga na raina shi ba?